Yadda Za Ka Haska Tarin Ɗan Yayarka a Bango Ka Sha Tafi

Kai mai fasaha ne, ga kwamfuta, ga jakar rataye, ga gemu. Yayarka ta kira ka a waya: “Don Allah ka yi wa Dogo magana. Sigarin lantarkin nan ya kama shi, tari yake har ya riƙe ƙirji. Kai kaɗai yake jin maganarka.” Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan sau da ƙafa, na ɗaukar maka alkawari hotonka zai fito a jarida ba tare da ka zauna da yaron ko sau ɗaya ba.

1. Mayar da yaron lamba

Dogo shekararsa goma sha shida, ya fi ka tsawo, kuma in ka fara yi masa faɗa sunkuyar da kai zai yi ya bar ka kana ta zuba kai kaɗai. Lamba ba ta yi wa mutum haka. Nemo alƙaluman matasa masu zuƙar abin, shekara bayan shekara, ka ja musu layi. In layin yana hawa, yi tsaki a gaban mutane. A ranka kuwa ka yi hamdala, domin layin da ke gangarowa ba ya kyau a bango.

2. Amsa wa Yaya da harshen ofis

Duk sanda ta kira ka ce, “Yaya, ai a kan matsalar nake kwana nake tashi.” Ba ƙarya ka yi ba. In ta ce, “Ni ba matsala na ce maka ba, ɗana na ce,” sai ka fara “Halo? Halo?” ka kashe wayar. Masana sun tabbatar da cewa sabis ya fi ɗaukewa a daidai irin wannan magana.

3. Gina bango mai maɓalli biyu

Bangon ƙaton allon lantarki ne da za ka kafa a zauren baje kolin fasaha. Jan maɓalli na wanda ya taɓa sha, kore na wanda bai taɓa ba. Zuba duk basirarka a kan jan. Da an danna shi, hayaƙi shuɗi da ruwan hoda ya turnuƙe bangon, kiɗa ya tashi, layin ya ƙara hawa yana walƙiya. Koren kuwa ba shi ɗigo ɗaya kamar kashin ƙuda. Wa zai bar gidansa don ya zo kallon yaran da ba su yi komai ba?

4. Ranar buɗewa

Gayyato Yaya da Dogo, ka ga ka sauke nauyin zumunci a bainar jama’a. Za ka ga ’yan makaranta sun yi layi a gaban jan maɓalli, har wadda ba ta san ta wane baki ake zuƙar abin ba ta danna sau uku tana ɗaukar hoto. Kada ka hana. Sunan wannan “jawo hankalin matasa”.

Yaya za ta tsaya rungume da jakarta tana kallon hayaƙin, can ta ce, “To yanzu wannan ne zai hana shi?”

Ka ce, “Zai buɗe ƙofar tattaunawa.” Daga nan ka sulale kafin ƙofar ta buɗe.

5. In yaron ya same ka

Nan ne wurin haɗari, sai ka natsu. Dogo zai daɗe a gaban bangon, hannu a aljihu, bai danna ko ɗaya ba. Zai duba ƙasan allon, ya leƙa gefe. Sannan ya jira mahaifiyarsa ta juya baya, ya matso kusa da kai, ya rage murya yadda bai taɓa yi ba.

“Kawu, ina wanda mutum zai danna in yana so ya daina amma ya kasa?”

Gabanka zai faɗi, kunya ta rufe ka. Kada ka biye musu, wucewa suke yi. Dafa kafaɗarsa ka ce, “Kai, wannan shawara ce mai kyau! Za mu saka a kashi na biyu.” Ga ’yar jarida can tana ɗaga maka hannu, kuma hasken wajen nata ya fi kyau. Je ka.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin tarin da ya ƙaru, ko Yaya da ta koma gaishe ka daga nesa. Haka nan in bayan an kwashe allon ka je gidan Yaya da kanka, ka zauna a bakin gadon Dogo ka ce, “Me kake ce mini ran nan?” ya ci gaba da latsa wayarsa ya ce, “Ba komai, Kawu,” kada ka neme ni. Alkawarin jarida na yi maka, kuma ka fito.