Kazar Fatu a Wurin Mai Faci

Wani ne a Roni, zamanin da kuɗin fetur ya fara ruɗa gwamnati. Aka raba wa manoma irin dawa da aka barbaɗe da jan maganin ruɓewa. Kun san aikin gwamnati, sai da dawar kowa ta fid da kai sannan irin ya iso. Mutumin namu ma aka ba shi nasa.

Ranar kuwa matarsa Fatu za ta biki Babura. Ta nuna masa kazarta ɗaya tilo ta ce, "Malam, ga amana. In wani abu ya same ta, ni da gidan nan sai labari."

Tana fita, gogan ya dubi iri, ya dubi kaza, ya ce ai ba a yi asara ba. Ya watsa mata.

Bayan kwana biyu kaza ta saka ƙwai ba ɓawo, luɓus. Ya suɓuce masa, maimakon ya fashe sai ya yi tsalle. Ya kwasa sai wurin malamin gona.

Malamin ya ce, "Dawar ka ba ta? Bawan Allah, maganin nan har taya ake yi da shi a kamfani. Maza ka daina."

Gogan ya fito yana murmushi. "Hassada ce. Kowa ya samu kwangila, ni Allah ya ajiye mini kamfani a akurki, wai in daina."

Ya ninka mata awo, safe da yamma. Kullum ya leƙa ko tayar keke ta fara fitowa. Ƙwai ma ya ɗauke. Rannan ya tarar da kaza ta yi laƙwas, ko tsayuwa ba ta yi, ga Fatu na hanya.

Ya latsa cikinta ya ce, "Sacewa ta yi."

Ya saɓe ta sai tashar Kazaure, wurin Silvanus mai faci.

Silvanus ya ce, "Maigida, wannan ai kaza ce."

"Da can kaza ce. Tsoma ta a ruwa ka nemo hujin, sannan ka ba ta iska kaɗan."

Suna cikin ja-in-ja motar Babura ta tsaya. Fatu ta sauko, ta ga kazarta a bakin bahon faci, ga mijinta riƙe da famfo. Ya shiga yi mata bayani tun daga kan dawa har kamfani. Ta saurara tsaf, ta ɗauke kazarta, ta juya wajen Silvanus.

"Mai faci, bar ruwan nan kada ka zubar. Kan Malam za ka tsoma, ta nan iskar ke fita."