Ranar da Lawwali Barewa Ya Sha Kanwar Doki

"Ni Lawwali Barewa, tun da anka kahwa Jibiya ba a haihi ƙahwa irin tawa ba! Zamanin da nike masinjan En'e, a zuba mini shayi a tasha, in ruga kan iyaka in dawo bai huce ba. Ƙahwa ba takalmi, ciki ba ƙwaya!"

Abokina, in ka taɓa zama tashar Jibiya a shekarun da kuɗin mai suka ɓarke, lokacin da kowane ma'aikaci ya karɓi ƙarin albashin Udoji ya ɗaura agogo, to ka sha jin wannan kirari har ya gundure ka. Lawwali ɗan kamasho ne, ya ba hamsin baya, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Ba wanda ya taɓa ganin gudun nan da idonsa, shaidun duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma fa kada ka yi dariya tukuna: bawan Allahn nan ba gona, ba mota, sunan Barewa shi ne duk abin da ya mallaka. Albarkacinsa ake matsa masa a benci, ake fara miƙa masa shayi.

Ana nan sai ga Ahmadu, wani ɗan dako daga Maraɗi, siriri kamar karan dawa. Wata rana wata tsohuwa ta manta ƙunshinta a tasha, motarsu ta riga ta tashi. Ahmadu ya suri ƙunshin, ya bi kwalta da farin takalminsa kambas, ya cim musu a kan iyaka ana ɗaga shinge. Kafin la'asar yaran tasha sun fara kiransa Barewa. Lawwali ya ji kamar an zare masa hula a tsakiyar kasuwa.

"Wanga gudu ne?" in ji shi. "Ku duba takalmin, roba ce ka tura shi! Ga kwalta sumul, mu kuwa cikin rairayi da ƙaya munka yi namu. Kuma wa yas san irin ƙwayar direbobi da yah haɗiya? Kada wanda ya sake haɗa gudun da da na yanzu!"

Ahmadu ya rusuna ya ce, "Wallahi Baba, koko kaɗai nish sha."

Sarkin Tasha Madugu, wanda musu ya daɗe da isarsa, ya ce, "To a raba gardama. Ran kasuwa ku tashi tare daga nan. Kowa shi sa abin da yag ga dama. Wanda yar riga taɓa shingen kan iyaka shi ne Barewa, guda kuwa shi aje sunan."

"Ko yanzu!" in ji Lawwali, yana dukan ƙirji.

Gogan naka ya koma gida ya zauna lissafi. In dai takalmi ne asirin, ai sai ya nemi wanda ya fi na yaron. Ya je wurin wani ɗan gayu da ya dawo daga Legas, ya aro takalmin yayi, irin mai tudun nan da za ka rantse bulo aka ɗaure wa mutum a ƙafa. Hujjarsa kuwa ba ta da aibu a ganinsa: raƙumi ya fi jaki sauri don ƙafarsa ta fi tsawo.

Saura ƙwaya. Nan fa gizo ke saƙar, don ya zage ta a bainar jama'a, in ya je saye kafin ya juyo tasha ta ji. Sai ya tuna masu dokin sukuwa kanwa suke jiƙa wa dawakinsu, ga ta nan kuwa buhu-buhu fatake na shigowa da ita daga Nijar. Ya samo jar kanwa, ya jiƙa a ƙwarya ta kwana.

Matarsa Tsahara ta leƙa ƙwaryar ta riƙe baki. "Malam, wagga ai ko ingarma ba a ba shi rabinta."

"Ingarma ƙahwa huɗu gare shi, ni biyu. Dole in ninka. Ke dai shirya guɗa."

Ran kasuwa da hantsi ya kafa kai ya shanye tas, ya ɗaure takalmi, ya fito yana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Jama'a sun cika hanya maƙil. Sarkin Tasha ya shiga gaban wata akori-kura da agogo a hannu, ya ɗaga hula, aka tashi.

Ahmadu ya yi gaba abinsa. Lawwali kuwa ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ƙafa ta gurɗe, ya kife rub da ciki. Ya tashi, ya ce hanya ce ba a gyara ba. Ya sake kifewa, ya ce sammu ne. Mata masu tallan fura suka wuce shi suna yi masa sannu.

Bai fita gari ba cikinsa ya yi wata ƙara, har wani jaki ya waiwayo. Gumi ya keto masa. Ya duba dama, mutane. Ya duba hagu, mutane, ciki har da surukansa da suka zo kallo daga Farfaru. Ba inda mutum zai tsuguna da mutuncinsa, don jerin 'yan kallo bai yanke ba sai kan iyaka. Can bayan shinge ne kaɗai ya san akwai sabara mai duhu.

Malam, sai ga takalmin Legas a sama, ɗaya gabas ɗaya yamma. Lawwali ya dafe mazugin wando ya zuba a guje, ido jawur, tumbi na rawa. Wallahi ranar na yarda an taɓa yin Barewa. Ya wuce masu keke, ya wuce akori-kurar Sarkin Tasha, ya wuce Ahmadu kamar an kafa shi. Jama'a na ta kabbara, shi kuwa ba ya jin kowa. Da ya isa shinge ko kallonsa bai yi ba, balle ya taɓa. Ya sunkuya ta ƙarƙashi ya faɗa ƙasar Nijar, ya ɓace cikin sabara.

Ahmadu ya iso a hankali yana ɗingishi, ya ɗora hannu a kan shinge.

An jima sai ga wani jandarman Nijar ya riƙo Lawwali, ya yi laushi kamar tsumma. Ya miƙa shi ya ce, "Ga mutuminku. Mun tambaye shi mi yash shigo da shi ƙasarmu, ya ce kanwa. Mun je mun gani da idonmu. Ba mu karɓar kuɗin duwan, wato kwastan, a kan wanga kaya, ku dai tahi da shi."

Nan musu ya ɓarke. Wasu suka ce agogo bai taɓa ganin gudu irin wannan ba, wasu suka ce gudun kanwa ne, doki ya kamata a ba sunan. Sarkin Tasha ya ce shi dai sharaɗi ya sani: wanda ya taɓa shinge, kuma Ahmadu ne ya taɓa.

Lawwali ya tattara ɗan sauran numfashinsa ya ce, "Ku ɗauke sunan! Amma yaro shi hwaɗi gaskiya gaban jama'a: da nib ba shi baya, ya iya kamo ni?"

Ahmadu ya durƙusa cikin ladabi, ya ɗago farin kambas ɗinsa da ya sake launi, ya ce, "Wallahi na so in kamo ka, Baba. Hanyar ce tay yi santsi."