Ranar da Na Ɓatar da Shafin Makaranta

Wani hedimasta daga Rogo ya kira shagonmu na kwamfuta a Ƙaraye: "'Yata, ina shafinmu? Iyaye na jiran sakamako!"

Shafin a saba biyu yake, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shi a intanet, labarai daban, sakamako daban. Kafin kiran nan, Yaya Sani ya ce in gyara adireshin sakamakon kawai, ya fita. Ni kuwa, gwanar kwas ɗin wata uku, sai na sauya nemsaba ɗungurungum, wadda ke nuna hanyar duka biyun. Komai ya ɓace.

Na wuni ina kuka, ina jiran 'yan sanda. Bayan la'asar Yaya ya dawo ya gyara.

"Share hawayenki, Injiniya, shafi ya dawo."

Yanzu har Inna ma Injiniya take kirana.