Ranar da Na Rage wa Bulus Hanya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rage wa Bulus hanya ba, ko da na so in manta. Tun da aka sanar da rasuwarsa a guruf ɗin 'yan ajinmu na sakandare kowa ke ba da labarin alherinsa. Nawa labarin ba ya faɗuwa a can, shi ya sa na kawo muku nan.

Ni bakanike ne a Apo, a lokacin ina ƙarƙashin wani oga. Bulus kuwa benci ɗaya muka zauna a makaranta. Ɗan manomi ne, kullum da soyayyiyar doya a leda, kullum kuma rabi nawa ne. Da muka gama ban sake jin ɗuriyarsa ba sai da aka shirya taron tsofaffin ɗalibai.

Ranar taron akwai wata baƙar jif da wani direba ya kawo mana gyaran birki. A sana'armu in ka gama gyara dole ka fita gwaji. To, na fita gwaji (cikin shadda mai sitati da hula, ga turare har yana sa ni atishawa). Raina ya ce yau ɗaya dai su ma su san na zama mutum.

Na ajiye ta a wurin taron inda kowa zai gani. Bulus ne ya fara tarbata, da wata 'yar riga mara hayaniya, ya ce a tasi ya zo. Wallahi har tausayinsa na ji. Ya dubi motar, ya dubi lambarta, ya dube ni, ya ce Allah ya sanya alheri. Da na yi shiru a nan da an rabu lafiya. Ina! Na zagaya da shi ina bubbuga bonet, ina ba shi shawara in Allah ya hore masa kada ya sayi irinta, shan mai gare ta. Ya ce ya gode, zai kiyaye. Ya tambaya ko birkin na ci, na ce sabo fil.

Da aka tashi, ni da bakina na ce ya shigo in rage masa hanya. Ya ce Maitama za shi. Na ce a raina wataƙila a bayan gidan wani yake maƙale. A hanya har hana shi taɓa rediyo na yi.

Muna tsayawa ƙofar wani makeken gida, kafin in yi hon, maigadi ya wangale get da gudu. Ya leƙo ta tagar Bulus ya ce, "Oga, sannu da zuwa. Ashe an gama gyaran motan?"

Jama'a, ashe motar Bulus ce! Waya ɗaya zai yi wa ogana aikina ya tafi, saƙo ɗaya a guruf mutuncina ya bi baya.

Bulus ya yi dariya har da hawaye, sannan ya dafa kafaɗata. "Ai kai ka gyara ta, mutumina. Shigo mu ci doya."

Ya gaya wa matarsa tsohon abokinsa ne ya kawo masa motar har gida don zumunci. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Sai ma ya riƙa turo min abokansa, har na buɗe garejina. Iyakar horon da ya yi min, duk sanda ya kawo ta sabis sai ya matso ya tambaye ni a hankali ko har yanzu tana shan mai.

Da muka je ta'aziyya, matarsa ta kira ni gefe. Ta ce yana kwance a asibiti ya bar mata magana, kada a kai motar wurin kowa sai ni, domin ni kaɗai nake gwada ta da kyau. Da zuciya ɗaya ta faɗa, ba ta san komai ba. Na yi dariya a gabanta, na fita bayan get na yi kuka.

Na gode, Bulus. Ka rufa min asiri ranar da na tona wa kaina. Yanzu in zan fita gwaji da kayan aikina nake fita, baƙin mai har gwiwar hannu, kuma ba na ba kowa shawara a kan mota sai na san ta waye.