Rasuwar Mai Gaida Taurari Ɗaya Bayan Ɗaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, tsohon mai gyaran agogo na ƙarshen layi yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda ya saba kira Mai Haƙuri.

Marigayiya ta shigo gidan ne a hannun autarsa, lokacin da take karatun taurari. Aiki guda ta ɗora mata: ta lissafa yadda kowane tauraro yake jan ɗan'uwansa, cikin taurarin da ba sa ƙirguwa. Da za ta tafi ƙaro karatu nesa, ta bar wa mahaifinta amanar kada ya kashe ta, za ta dawo ɗaukar amsa in an gama.

Shekara da shekaru marigayiya tana kan teburin gindin taga, tsakanin kwalbar mai da gwangwanin ƙusoshi. Ba ta taɓa raina tauraro don yana nesa ba. Kowanne sai ta je ƙofarsa, ta tambaye shi labarin kowanne. In ta yi "uuum", tunani take. In ta yi "ƙiris-ƙiris", ta fito gidan wani ta shiga na wani. Tsohon bai san lissafin ba, amma ya san tarbiyya in ya ji ta.

Ciwon ajalinta ya soma ranar da autar ta jefa saƙo a zauren dangi na waya, gaisuwa ɗaya ta kowa da kowa, cewa aikin nan ba sauran buƙatarsa. Wai an samo dabara mai sauri: a yayyanka sararin sama akwati-akwati, na kusa a bi su ɗaya-ɗaya, na nesa kuwa a ƙunshe su wuri guda, a tura wakili ya yi magana da yawunsu. Wai da ita ake auna motsin ƙwayoyin magani, da yadda igiyar rediyo take dukan jirgin sama, da amsa-kuwwar babban ɗaki, duk kafin shayi ya huce. Wai kuskuren bai kai a damu ba. Haka malalata suke cewa kullum, tunda ba su aka cusa a akwatin ba.

Tsohon bai gaya wa marigayiya ba, amma ta ji a jikinta. Fankarta ta soma tari, fuskarta ta yi kore, ta yi "tiit" sau ɗaya, ta yi shiru, da sauran taurarin da ba ta gaisar ba.

Ta bar linzaminta mai ciwon ƙafa, da allon madannai da ya zubar da haƙora, da tsoho guda da bai san a wane akwati aka saka shi ba.

Za a yi mata sutura da tsohon labule, a kwantar da ita ƙarƙashin teburin gobe da yamma. Masu ta'aziyya su zo da ƙafarsu, kowa da bakinsa. Ba a karɓar wakili, ba a karɓar saƙon taro. An ajiye kujera ɗaya a gindin taga; mai ita ta san kanta.