Yadda Ake Ɗora wa Bututun Bindiga Laifi

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka shekara talatin kana kuskure a filin harbi ba wanda zai iya tabbatar da cewa hannunka ne. Ni ne Korbinian, shekarata talatin da huɗu a ƙungiyar maharban ƙauyenmu, ina harba ƙaramar bindigar gasa a mita hamsin. Kakana ya ci sarautar maharba sau biyu, babana sau ɗaya, kuma duk wanda ya ci yakan rataya tsabar azurfa mai sunansa a sarƙar ƙungiya. Tawa tsabar har yau ba ta hau ba, abin yana kuma ci mini rai. Ka ga ke nan gwani ne yake maka magana.

1. Zaɓi abin zargin da ba ya musu

Kada ka zargi iska, kowa ita ta kaɗa. Kada ka zargi harsashi, a shago ɗaya kuka saya. Kada kuma ka kuskura ka ce matarka ce ta ɓata maka rai da safe, don maganar za ta riga ka isa gida. Bututun bindiga shi ne daidai. Ƙarfe ne, ba ya rantsuwa, ba shi da dangi a ƙauye.

2. Haddace hujja biyu masu karo da juna

In bututunka gajere ne, ka girgiza kai ka ce: “Ina amfani? Kafar leƙe ta baya da zoben saiti na gaba sun matsu, mutum ba ya gane ya karkace sai ya harba.”

In dogo ne, ka ja tsaki ka ce: “Harsashi ya daɗe a hanya. Kafin ya fita numfashi ya motsa shi.”

Daɗin abin, duk biyun gaskiya ne. Akwai gaskiya ta uku, ita ce za ka binne: ɗan harsashin nan yana gama ɗaukar gudunsa tun wajen santimita arba'in a cikin bututu, kuma in aka ɗaure bindiga a maƙalar ƙarfe, dogo da gajere kusan rami ɗaya suke hudawa. Saboda haka duk wanda ya ce ku ɗaure taka a gwada, ka tuna kana da miya a wuta.

3. Ka riƙa sauyawa

Uzuri ɗaya in ya wuce shekara uku yakan yi tsami. Ni sau huɗu na kai tawa wurin maƙerin bindiga, biyu ragi, biyu ƙari. Wastl, wanda muka shiga makaranta rana ɗaya kuma shi ke harbi a layin da ke damana, yakan tarye ni tun daga ƙofa.

“A'a, Korbi! Bana aski aka yi mata ko kitso?”

“Kai dai ka ji da taka, tsohon banza.”

“Tawa ta babana ce, ko kusa ban taɓa canja mata ba. Kai kuwa saura ka kai ta a yi mata kaciya.”

Kada ka tanka irin wannan. Jahilci ne, bai san ilmin bututu ba. Cewa ya fi ka maki kowace Juma'a wani zance ne daban.

4. Saka sarƙar sosej da mutunci

Wata shekara sa'a za ta yi tuntuɓe da kai ka zo na biyu, a rataya maka sarƙar sosej, wato niƙaƙƙen nama ɗure a hanji, kamar yadda aka saba yi wa na biyu. Ka miƙe ƙirji, ka faɗa wa kowa da santimita biyar kacal aka ƙara maka, da azurfa ce a wuyanka. Karen Wastl ya raka ni har gida ranar, ba don ƙauna ba.

5. Saurari likita da kunne ɗaya

Bara likitar ido ta ce na dama ya fara yana, in ina da wata gasa a raina in yi ta bana. Na dawo na faɗa wa matata Zenzi cewa likita ta ce a ƙara tsawon bututu.

“Tare muka shiga fa, Korbi,” in ji ta.

Ban fasa ba. Na sa aka ɗaura bututun ƙari a gaba har bindigar ta kai tsawon sandar shara, sai na kwantar da kujerar mota kafin ta shiga.

6. Ranar sarauta, ka dubi baƙi kawai

Lahadi ce, bayan an taso daga coci. Harbi ɗaya tak kowa ke da shi, wanda ya fi kusa da tsakiya shi ne sarki. Ni layi na huɗu, Wastl na biyar. Na kwanta, na leƙa, sai ga baƙin tsakiyar takardar da ake harbi ya zauna daram a cikin zobe. Wallahi tun da nake ban taɓa jin hannuna ya nutsu haka ba. Na taɓa kunama, harsashi ya tafi, na san ya tafi daidai. Har na ji ƙwalla, na tuna babana.

Abin da ba a faɗa maka shi ne, ta wannan 'yar kafa baƙi kawai ake gani. Lambar layi da ke saman takarda ba ta shigowa.

Burgl, shugabar fili, ta tattaro takardu ta tsaya tana juya biyu. Tawa fes, ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Ta Wastl rami biyu: ɗaya can gefe, ɗaya a cibiyar baƙi.

7. Kada ka amsa

“To,” in ji Burgl, “wa ya yi wa Wastl gudummawa?”

Maza ashirin suna kallon tawa takardar. Doka a fili take: harbin takardar maƙwabci sifili ne, kuma in ba a tantance ba, mai takarda ke ɗaukar mafi kyau. In na ce ramin gefe nawa ne, na yi ƙarya. In na ce na tsakiya, na amsa da bakina cewa bututu lafiyarsa ƙalau, shekara talatin da huɗu ni ne. Nan ake gane gwani. Na share murya na ce:

“Tsawon ne ya yi yawa. Bakin ya leƙa layin wani.”

Aka kwashe da dariya har Burgl ta dafa tebur. Aka rataya wa Wastl sarƙa, 'yan busa suka kama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da ya zo wucewa ya sunkuyo kunnena.

“Nawa na gefe ne, mutumina. Atishawa ta kama ni.”

“Na sani.”

“Na san ka sani.”

8. In an kira ka ganin tsaba, ka je da mai karanta maka

Bayan wata biyu Wastl ya kawo sabuwar tsabarsa ɗakin ƙungiya, ya tura mini ita a kan tebur. Na kai ta nesa, na kawo ta kusa, rubutun ya ƙi tsayawa. Zenzi ta karɓa ta karanta da ƙarfi: “Wastl, da bututun Korbinian.”

Maƙerin azurfa ya maƙala ta a jeri ɗaya da ta babana. Da ƙyar na samu na ce rubutun ya yi ƙanana, kuma kowa ya san laifin tsabar ne, ta yi gajarta.

Sanarwa: duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da bindigar da ba ta shiga mota, ko matar da ta daina gaskata shi, ko abokin da ya fi shi kirki a bainar jama'a, kada ya neme ni. Ni ban gan shi ba, likita ma shaida ce.