Rasuwar Balaraba, Motar Gidan Tobiya Manga

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunya kuma, ni Tobiya Manga na unguwar Majidaɗi nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motata Balaraba, wadda ta bar mu ranar Asabar, tara ga Maris, 1996, tana da shekara goma sha biyar.

Marigayiya ta shigo gidanmu ranar wata Laraba a Yola, matata Abigail ce ta raɗa mata suna. Da aka ba mu jiha, ita ta kwaso mu zuwa Jalingo, katifa a ka, akuya a but. Mai haƙuri ce. Ta ɗauki doya, ta ɗauki amare, ta kai mata bakwai asibiti suna naƙuda, ba ta taɓa tambayar kowa addininsa ba. Gaisuwarta ta safe ɗaya ce: "Kir-kir-kir… hm." Sai an roƙe ta sau uku take tashi.

Tana da wata lalura da ban taɓa nema mata magani ba. Shekara huɗu ke nan da wani kaset ya maƙale a rediyonta, ya ƙi fita. Kaset ɗin zumuntar matan coci ne, Abigail ce ke ba da waƙa ana amshi. A tsakiyar waƙa ta uku Abigail ta yi tari, ta yi dariya, sannan ta ci gaba. Bayan da Ubangiji ya kira Abigail bara waccan, a nan kaɗai nake jin muryarta. Babu wani kwafinsa a duniya.

Ciwon ajali ya fara da tari da baƙin hayaƙi. Likitanta, Abbo makanike, ya saurari inji, ya girgiza kai, ya ba ni shawarar in nemi wata.

A nan laifina yake. Kwana uku na yi ina ciniki da Alhaji Hambali dillali kan wata sabuwa, fara sol. Na kushe fenti, na kushe kujeru, na tashi na yi kamar zan tafi har sau biyu. Daga ƙarshe ya sallama, da sharaɗin in bar masa Balaraba a cire kayan gyara. Ban tsaya nan ba, na ce sai ya yi mini gyara, ya ƙara mini taya da jak. Ya yi dariya ya ce to shi ma a yi masa nasa gyaran, in bar rediyon a jikinta. Kaina ya kumbura da nasara, na miƙa masa hannu ban ko waiwaya ba.

Sai a hanyar gida na murɗa rediyon sabuwar, na ji wani ƙato yana karanta labarai.

Na koma Litinin da sassafe, na tarar an riga an feɗe ta. Rediyon kuwa wani direban tasi mai zuwa Lau ya saya, ba wanda ya riƙe sunansa. Kowa na yaba mini cinikin, ni kuwa ban iya haɗiyar tuwo.

Ta rasu ta bar ni, da 'ya'yanmu Paul da Rejoice, da tabon baƙin mai a ƙofar gida wanda na hana a share.

Gangar jikinta na kwance a bayan garejin Abbo, inda Alhaji Hambali ya sa aka feɗe ta, za a yi bankwana da ita ranar Laraba da ƙarfe huɗu na yamma. Zaman makoki kuwa a tashar Lau nake yin sa, kullum daga safe zuwa azahar. Duk wanda ya shiga tasi ya ji mace ta yi tari a tsakiyar waƙa, ta yi dariya, don Allah ya riƙe mini lambar motar. Ya gaya wa direban zan ba shi sabuwar, har da taya da jak, ba zan yi ciniki ba.